A Gaida NUT, Amma da Sauran Rina a Kaba

A watan Yulin 1931 aka kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya, wadda kowa ya fi sani da NUT, a birnin Legas, kuma Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, mahaifin mawaƙin nan Fela, shi ne shugabanta na farko. Ta girmi 'yancin kan ƙasar da shekara 29, ta girmi duk wata jam'iyyar siyasa da ke numfashi a yau. A Arewa kuma, Malam Aminu Kano ya tsaya tsayin daka har aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, a zamanin da ma'aikacin En'e bai saba ɗaga kai ya dubi magabata ya ce albashinsa ya yi kaɗan ba. Daga baya aka haɗu a inuwa guda. Gwamnatocin soja sun zo sun wuce, na farar hula sun zo sun wuce, an sauya tsarin karatu, an ƙirƙiro hukumomi an rushe su, ƙungiyar nan tana nan daram. Wanda zai yi mata magana ya kamata ya fara da gaisuwa.

To, a gaishe ku, malamai. A gaida shugabanninku na ƙasa da na jihohi, a gaida wakilanku na ƙananan hukumomi waɗanda ba a ganinsu a talabijin, masu zaman jiran sakataren ilimi tun daga hantsi har la'asar saboda an tsallake sunan wata malama a biyan wata. Abin da malamin gwamnati yake ci a yau, komai ƙanƙantarsa, da wuya a sami lomar da aka miƙa masa don Allah da Annabi. Kusan duk ƙwato ta aka yi.

A tsakiyar 2008 malaman makarantun gwamnati suka ajiye alli a faɗin ƙasar, aka yi makonni azuzuwa a garƙame, suna neman a yi musu tsarin albashi nasu na daban. Ba su sami duk abin da suka nema ba, amma gwamnoni sun amince da ƙarin alawus na kashi 27.5 cikin ɗari, ko da yake wasu jihohin sai da aka yi shekaru ana kai ruwa rana da su kafin su saki. A Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin ƙara wa malamai shekarun aiki, kuma a 2022 ya sa hannu a dokar da ta mai da shekarun ritaya 65 na haihuwa ko 40 na aiki, maimakon 60 da 35. Ba don naci irin na ƙungiya ba, da alƙawarin ya bi sahun 'yan'uwansa da aka yi a bainar jama'a aka manta kafin a naɗe tabarma.

Inda ta fi burge ni shi ne rigimar waye zai riƙe albashin malamin firamare. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, a 1991 ta rushe ta, ta miƙa wuyan malamai ga ƙananan hukumomi. Dattawan malamai ba su manta da abin da ya biyo baya ba: wata da watanni babu albashi, malami ya koma cin bashin hatsi a hannun uban ɗalibinsa, har sai da aka maido da hukumar a 1993. Saboda haka lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mutane na ta murna, NUT kuwa ta ce ba ta ƙi ba, amma kada a sake barin albashin malamai a aljihun ciyamomi. Wasu sun ce son zuciya ne. Ba a yi shekara ba sai ga malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shiga yajin aiki a watan Maris na 2025, aka yi fiye da wata uku yara na gida, saboda ƙananan hukumomin Abuja ba su aiwatar da mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ba. A Abuja fa, inda gwamnati take kwana take tashi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ya yi tsalle, ba a ce masa matsoraci.

Akwai kuma gaisuwar da ba ta kuɗi ba. A 2017 asusun UNICEF ya ce tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a Arewa maso Gabas, an raba wasu kimanin dubu 19 da muhallansu. Waɗannan mutane an farauce su ne saboda sana'arsu, ba don wani abu ba. Waɗanda suka tsira da yawansu sun ci gaba da koyarwa a sansanonin 'yan gudun hijira. A Kagara a 2021 da Kuriga a 2024, 'yan bindiga da suka kwashi ɗalibai ba su bar malamai ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A irin wannan hali, ƙungiya ce ke riƙe da sunayen mamata, ita ke tuna wa hukuma cewa sun bar marayu. Haka kuma asusun Endwell da rassanta ke gudanarwa a jihohi da dama, wanda ake ɗan cire wani abu daga albashi duk wata, shi ke share hawayen malamin da ya yi ritaya ya zauna jiran garatuti shekara da shekaru.

Na taɓa zama da wasu malamai a gindin wata darbejiya, a wata makarantar firamare da iska ta yaye rufin ofishin malamanta. Ana cikin hira wani dattijo, gemunsa ya yi fari fat, ya buɗe wata tsohuwar jakar leda ya zaro takardu a linke, gefensu duk ya cinye. Takardun ƙarin girma ne, kowacce da hatimi da sa hannu. Sai ya ciro wayarsa ƙarama mai maɓallai, wadda aka ɗaure da roba, ya nuna mini saƙon banki na ƙarshen wata. Ya ce, "Ka gani, Malam? Takarda ta ce mataki na goma sha biyu, alat ya ce na tara. Ni kuma mai kanti da alat yake aiki." Sauran suka yi dariya, irin dariyar da mutum ke yi don kada ya yi kuka. Duk mai son ya zargi malamai da maganar kuɗi, ya fara zuwa ya duba wannan jakar.

A nan ne ake gane dalilin da ya sa ƙungiya ta rungumi tsarin daɗewa a aiki ta ƙi saki. Tsarin a bayyane yake: mai NCE ya shiga a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8, bayan kamar shekara uku-uku a duba a ƙara masa girma, in za a naɗa hedimasta a fara duba wanda ya riga kowa shiga. Mutane na yi wa tsarin kallon lalaci, amma yana da hujjarsa. A ƙasar da ɗan majalisa zai iya rubuto 'yar takarda a ɗaga ƙanin matarsa a bar wanda ya koyar da shi, shekarun aiki su ne ma'aunin da ya fi wuyar murɗewa. Ranar da aka ɗauki mutum aiki tana rubuce a fayil. In aka ce a bar wannan a koma ga ƙwazo, tambayar malami ita ce, wa zai auna ƙwazon? Sakataren ilimin da ciyaman ya naɗa? Sufeton da ba ya zuwa sai an sa masa mai a babur? Malamin da ba shi da uwa a gindin murhu ya san cewa shekarunsa su ne kawai gatansa. Ban ga laifinsa ba in ya riƙe su da hannu bibbiyu.

Sai dai fa garkuwar da ta kare malami daga ɗan siyasa ba ta kare yaro daga malamin da bai iya ba, kuma a nan ne gaisuwa za ta ɗan dakata a yi magana. Shekara ashirin a aji ba lallai ba ne ta zama ƙwarewar shekara ashirin. Akwai wanda ya yi shekara guda yana koyo, sauran goma sha tara yana maimaita ta da tsohon littafin shirin darasi wanda kwanan wata kawai yake sauyawa. Akwai kuma wanda kowace shekara sai ya ƙaro wata dabara, ya san yaron da bai karya ba daga yadda yake riƙe fensir, ya san yadda zai sa aji mai yara ɗari ya yi tsit ba tare da ya ɗaga bulala ba. Tsarin da muke da shi bai san bambancinsu ba. Rana ɗaya aka ɗauke su, rana ɗaya za a ƙara musu girma, albashinsu ɗaya. Na biyun yana gani, kuma ɗan Adam ne. In ya ga shekara goma ta wuce ƙoƙarinsa bai ƙara masa ko sisi ba, ko dai ya saki jiki ya bi sahu, ko ya nemi canji zuwa wata ma'aikata.

A watan Fabrairun 2020 Gwamna Babagana Umara Zulum ya kai ziyarar bazata wata makarantar firamare a Maiduguri da misalin ƙarfe shida da rabi na safe, ya tarar da wata malama 'yar asalin jihar Abiya ta riga ta iso tana jiran ɗalibanta. Shekara 31 tana koyarwa a Borno. Ya ba ta kyautar naira dubu ɗari, aka kuma ɗaga ta zuwa mataimakiyar shugabar makaranta. Ƙasa ta ɗauka, kowa ya yaba, kuma abin a yaba ne. Amma abin tambaya, shekara talatin da ɗaya tana sammako, me ya sa sai da gwamna ya yi kiciɓis da ita aka san da zamanta? Ina hedimasta, ina sufeto, ina reshen ƙungiya? Irinta suna nan da yawa a Gumel da Argungu da Misau, kuma ba kowacce ce gwamna zai bi ta ƙofar ajinta da asuba ba. Ƙungiyar da ta san sunan duk wanda ake cire wa kuɗin ƙungiya a albashi ita ta fi kowa damar sanin waɗannan, ta kuma matsa a riƙa saka musu tun ba su tsufa ba.

Haka batun shugabancin makaranta. Hedimasta shi ne rabin makaranta. In yana zagaya azuzuwa, yana duba littafin shirin darasi da jan biro, yana ja layi a rajistar zuwa aiki da ƙarfe takwas, malamai za su shiga taitayinsu ko da babu sufeto. Amma in aka ba mutum kujerar don kawai lokacinsa ya yi, saura shekara biyu ya yi ritaya, hankalinsa na kan takardun fansho, ba zai ɓata da kowa ba. Sannan ga rabon wuraren aiki. Da malami ya ɗan kwana biyu a aiki ya san mutane, sai ya nemi a maido shi cikin gari. Shi ya sa za ka shiga makarantar da ke bakin titi a hedikwatar ƙaramar hukuma ka tarar da malamai sun yi yawa har wasu na zaman hira, ka yi tafiyar rabin awa a babur ka tarar da makaranta mai aji shida da malami biyu, su ma sababbin ɗauka. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ɗan ƙauye bai taɓa ganin wannan ba ko a mafarki, kuma shi ne ya fi buƙatar gogaggen malami, tun da babu mai yi masa bita a gida.

Babu inda wannan magana ta fito fili kamar Kaduna. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin dubu 33 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su. NUT ta ce ba haka aka yi da ita ba, maki 60 aka amince a kai, kuma hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, ita kaɗai ke da hurumin auna malami. Aka je kotun ma'aikata, aka ga 'yan firamare a kan titi suna zanga-zanga, a watan Janairun 2018 aka shiga yajin aiki, bayan kamar kwana goma aka janye. Gwamnati ta yi gaba ta ce za ta ɗauki dubu 25 sababbi.

Ƙungiya tana da gaskiya a wurare da dama, kuma ya kamata a faɗa. Sallamar mutum dubu ashirin da 'yan kai a lokaci guda ta bar makarantun ƙauye da yawa a wofi na tsawon lokaci, domin wanda aka sallama ɗan garin ne, wanda aka turo kuwa baƙo ne da ba lallai ya zauna ba. Cikin sababbin da aka ɗauka ma, a 2018 gwamnatin da kanta ta sake sallamar fiye da dubu huɗu, ta ce ba su cancanta ba, abin da ya nuna cewa matsalar ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. Kuma waɗanda suka ɗauki marasa ƙwarewar aiki tun farko, suka sa musu hannu a takarda, ba su zauna jarrabawar kowa ba. An kama mai ɗaukar kaya an bar mai kayan.

Amma gwamnatin ta watsa wasu takardun amsar a intanet, kuma duk wanda ya gan su ya san akwai waɗanda ba batun maki 60 ko 75 ba ne. Mutum ne ba ya iya haɗa jimla, an ba shi 'ya'yan mutane. Iyaye sun gani. Abin da suka so su ji daga bakin ƙungiya shi ne, "E, a cikinmu akwai waɗanda bai kamata su tsaya gaban allo ba, ga yadda muke so a yi da su cikin mutunci." Abin da suka fi ji shi ne maganar hurumi da doka. A ƙarshen 2021 aka sake wata jarrabawar, ƙungiya ta umarci 'ya'yanta kada su zauna, a 2022 hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar ta sallami 2,357, mafi yawansu saboda ƙin zama, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Titus Amba. Na fahimci dalilin ƙin: wanda aka taɓa yi wa tarko da jarrabawa ba zai yarda da ta biyu ba. Duk da haka, a idon uban da ke aika ɗansa makarantar gwamnati don ba shi da kuɗin ta kuɗi, malamin da ke yi wa yara jarrabawa duk zango ya ce shi ba za a yi masa ba, abu ne mai wuyar haɗiya.

An sha yin irin wannan a wasu jihohin. A Ekiti malamai sun ƙi jarrabawar Gwamna Kayode Fayemi, kuma da ya faɗi zaɓen 2014 mutane da yawa sun lissafa fushin malamai cikin dalilan. A Edo an yi irin wannan dambarwa da Gwamna Adams Oshiomhole, shi da yake tsohon shugaban ƙwadago ne. Darasin da gwamnoni suka ɗauka shi ne kada a taɓa malamai in zaɓe ya matso, wanda kuma bai ƙara wa yaro ko harafi ɗaya ba. Borno ta bi wata hanyar. A 2022 kwamitin da Zulum ya kafa ya gwada malaman firamare 17,229, ya ce 5,439 ne suka cancanta, 7,975 za su iya in an horar da su, 3,815 kuwa ba su da abin da za a ɗora horo a kai. Gwamnan ya ce ba zai kore su ba, za a nema musu wani aikin a wajen aji. Wannan rabo gida uku shi ne ya kamata a ce daga ofishin NUT ya fito tun da daɗewa, domin ya tsare abincin ma'aikaci ya kuma tsare kwanyar yaro.

Saboda haka aiki na farko da ke gaban ƙungiya yana bakin ƙofa ne, wurin ɗaukar aiki. Kowa ya san yadda ake yi a wurare da yawa: in an ba da gurbin malamai, sai a raba shi tsakanin kansiloli da shugabannin jam'iyya da masu faɗa a ji, a cike da 'yan gaban goshi, wasu da takardun da ba su san hanyar kwalejin da ta ba da su ba. Ran da irin wannan ya karɓi albashin farko aka cire masa kuɗin ƙungiya, ya zama ɗanta, dole ta kare shi har ritaya. To me zai hana ta yi faɗan tun kafin ya shigo? Mun ga an rufe makarantu saboda ariyas, kuma daidai ne. Ina so in ga ranar da shugaban NUT na wata jiha zai kira 'yan jarida ya ce, "An ɗauki mutum ɗari biyar ba tare da jarrabawa ba, ba mu yarda ba, kuma ba za mu karɓe su a matsayin malamai ba." Likitoci ba sa yarda a sa wa wanda bai yi karatu ba farar riga don kawai zai riƙa biyan kuɗin ƙungiya.

In kuma hujjar ita ce TRCN kaɗai ke da hurumi, to a ba hujjar haƙƙinta. An kafa hukumar da dokar 1993, ta fara jarrabawar shiga sana'a a 2017, kuma NUT tana da wakilai a majalisar gudanarwarta. Sai ƙungiya ta kai nata tsarin: duk bayan 'yan shekaru a duba malami, ba da takarda kaɗai ba, a shiga ajinsa a ga yadda yake koyarwa, a saurari 'yan aji uku suna karatu. Masu dubawar su haɗa da gogaggun malamai daga wata ƙaramar hukumar, don kada sanayya ko gaba ta shiga. Wanda ya gaza a tura shi bita, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa nan a Kaduna tun 1976 an kafa ta don irin wannan. Ya sake gazawa a sake ba shi dama. In abin ya ƙi, a mai da shi wani aikin da albashinsa. Wanda ya yi fice kuma a yi masa tsallaken mataki, ko da shekarunsa ba su kai ba. Gwamnan da ya zo da niyyar kora zai tarar an riga shi, ba shi da abin fakewa.

Ba cewa nake a yar da girman daɗewa ba. A bar wa dattijo girmansa, amma girman ya zo da kaya. Na ƙarshen waɗanda suka fito daga kwalejojin horon malamai na Giret Tu suna bakin ƙofar fita yanzu, kuma mutanen nan an koya musu abin da da yawa daga masu NCE na yau ba su samu ba: yadda ake tsara allo, yadda ake koya wa yaro baƙi da wasali, yadda ake riƙe aji. In suka tafi da shi, ya tafi. Kamata ya yi duk wanda ya kai mataki na 12 a ɗora masa sababbin malamai biyu ko uku, ya riƙa zama a bayan ajinsu yana gyara musu, kuma a lissafa wannan a ƙarin girmansa na gaba. Wanda ke son kujerar hedimasta kuma a tambaye shi shekara nawa ya yi a ƙauye. Ƙungiya ta nemi alawus mai tsoka da gidan kwana ga mai zaman ƙauye, ta dage a kai kamar yadda ta dage a kan kashi 27.5, sannan ta daina sa baki a soke canjin wurin aiki don wanda aka tura babba ne a reshe.

Akwai wata magana da ake yi a ɓoye, gara a fito da ita. Malamin da ke sa hannu a rajista ya hau babur ya tafi acaɓa, da wanda ke zaune a birni ya ajiye wani yaro yana shiga aji a madadinsa suna raba albashi, abokan aikinsu sun san su sarai. Na san talauci ne ya kai wasu, kuma wanda yake bin albashin wata uku ba a yi masa wa'azin zuwa da wuri. Amma inda ake biya, shirun da ake yi wa irin waɗannan shi ke zubar da mutuncin sauran, shi ke bai wa gwamna bakin cewa duk ɗaya suke. Reshen ƙungiya zai iya kiran mutum ya ja masa kunne tun kafin magana ta kai ofis, kuma jan kunnen ɗan'uwa ya fi takardar tuhuma shiga jiki. Kuma mu faɗi gaskiya, malamai da yawa da suka sami hali 'ya'yansu na makarantar kuɗi, inda mai koyarwar ba ya samun rabin albashinsu, ba shi da ƙungiya, ba shi da fansho. Iyaye suna lura da wannan.

Dokar shekara 65 ɗin nan ma, da na yaba a baya, tana da nata nauyin. Ƙarin shekara biyar alheri ne ga makaranta in wanda ya zauna gwani ne mai sauran ƙarfi. In kuwa wanda ya gaji ne, ko wanda tun asali bai iya ba, to an ƙara wa yara shekara biyar na asara, an kuma toshe gurbin da wani matashi mai NCE ke zaune gida yana jira. Jihohi suna karɓar dokar ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙungiya ce ke matsa musu. Tun da ita ta nema, ita ya kamata ta kawo sharaɗin: mai son ƙarin a duba lafiyarsa da aikinsa, ya yarda zai ci gaba da shiga aji ko horar da na baya, ba zaman ofis ba, kuma in aka ce makarantar da ke bayan rafi ce ke buƙatarsa, can zai je. Wanda bai iya wannan ba a sallame shi da girmansa a shekara 60, ƙungiya kuma ta tsaya a biya shi garatutinsa cikin watannin farko.